Shirun da Na Koya wa Kawu Bukar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe tsaye a gaban alƙali, na ɗaga yatsa sama, na kare wani haƙƙi da babu wanda ya yi niyyar taɓa shi ba. Yau shekara uku ke nan, amma har yanzu in na biyo ta layin kotun nan a babur sai in ji ƙeyata ta ɗau zafi, in ƙara mai in wuce kamar ana bina.

Bari in fara da ciwona. Ni malamin firamare ne a Haɗeja, kuma Allah ya jarrabe ni da kallon finafinan shari'a. Ba na soyayya ba, ba na dambe ba, ni dai a nuna min kotu. Da na taso daga makaranta na ci abinci, sai in jingina da bango in kunna waya: na Indiya masu fassarar Hausa, da na Amurka waɗanda nake tsintar rabin Turancinsu in cike sauran da hasashe. Suna burge ni, kuma suna ɗaure min kai. Me ya sa alƙalinsu ba ya rabuwa da guduma sai ka ce kafinta? Su wane ne mutum goma sha biyun nan da ake jerawa a gefe, ba su da sana'a ne? Kuma ta yaya kullum sai shari'a ta zo gangara sannan ƙofa za ta buɗe, wata tsohuwa ta shigo da takardar da za ta juya komai? Ina take tun da safe? (Matata ta ce da ana ba da digiri a kan kallo, da tuni ni farfesa ne. Na ɗauka yabo ne.)

Amma wurin da ya fi shiga raina shi ne inda ɗan sanda zai kama mutum, ya sa masa ankwa, sannan ya tsaya ya gaya masa cewa yana da 'yancin yin shiru, kuma duk abin da ya faɗa za a iya kafa masa hujja da shi. Kai, abin nan yana taɓa ni. Nakan ce dubi yadda doka ta girmama ɗan Adam, ko ɓarawo ne harshensa nasa ne. Har 'yan aji biyar na taɓa koya wa wannan magana, suna maimaitawa a bayana. A lokacin kuwa ban taɓa taka ƙofar ofishin 'yan sanda ba, balle kotu.

Shi kuma Kawu Bukar ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya kai ni makaranta da hannunsa. Yana zaune a wani ƙauye cikin fadama a hanyar Kirikasamma, yana noman shinkafa da damina, alkama da rani. Mutum ne mai magana. Ba surutun banza ba, a'a, labari ne a cike da shi kamar rumbu. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga mutumin da ya sayar masa da agogon. Tun ranar da na karɓi takardar koyarwa ya daina kiran sunana, sai dai Malam, kuma duk abin da ya shafi boko ko hukuma, abin da na ce shi ke nan. Wannan yarda tasa ita ce ta kusa kai mu ƙasa.

A waccan shekarar, kogi ya yi ambaliya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya rasa inda zai bi, ya hau gonaki ya yi zamansa kusan wata biyu. Da ya janye, sai ya tafi da tudun ƙasar da ya raba gonar Kawu da ta maƙwabcinsa Malam Haruna. Fili ya zama ɗaya, sumul. Wani ziri mai faɗin taku goma ya tsaya a tsakiya, ba a san na wa ba ne. Ga lokacin shuka alkama ya ƙarato, ita kuwa alkama ba ta jira, in sanyi ya wuce ta shekarar ta wuce ka.

Wata Asabar na je gaishe shi, muna zaune a zaure sai ya ce, “Haruna ya aiko, gobe zai zo mu yi maganar iyaka. Yana ganin kamar kututturen gorubar nan a tasa yake. Ni kuwa na san a tawa yake, don ina tsaye ubana ya sare ta.”

Na gyara zama. Shekara da shekaru ina kallon shari'ar mutanen wata duniya, yau ga tawa ta zo har gida.

Na ce, “Kawu, kada ka ce masa komai.”

“Komai kamar yaya?”

“Komai. Duk abin da ka faɗa zai iya zama hujja a kanka. Kana da 'yancin yin shiru. Doka ce ta duniya baki ɗaya.”

Ya ce, “Har gaisuwa?”

“Gaisuwa ka amsa. Amma da ya ambaci gona, ka ja bakinka ka kulle.”

“Har zuwa yaushe, Malam?”

“Har sai lauyanka ya zo.”

Ya dube ni da mamaki, har da ɗan jin daɗi. “Ashe ina da lauya?”

Wannan tambaya ita ce ya kamata ta farkar da ni. Maimakon haka sai na daki ƙirji na ce ya bar min wannan. Na hau babur na dawo Haɗeja ina jin kaina kamar na ceci rai.

Bayan mako uku ya kira ni a waya, muryarsa a ƙasa, wai an kawo masa sammaci. Malam Haruna ya kai shi kotun shari'a. Allah ya yafe min, abin da na fara ji a raina murna ce. Na ce, “Ka gani ko, Kawu? Da ka saki baki da yanzu yana da abin riƙewa. Ci gaba da yin gum.” Na ciro kwat ɗina ɗaya tilo, wadda na saya don ɗaukar hoton kammala karatu, na goge ta har ta fara ƙyalli. Na ɗauki jakar takardu na cusa mata littattafan shirin darasi don ta yi nauyi. Ban san abin da zan yi da ita ba, amma ban taɓa ganin lauya ya shiga kotu hannu rabbana ba.

Kotun ta ba ni mamaki tun daga ƙofa. Ɗaki ne da kaɗan ya fi ajina girma. Bencina, fanka ɗaya tana juyi tana ƙara, tebur da koren ƙyalle. Alƙalin dattijo ne siriri mai tabarau, da hularsa ta saƙi irin ta kowa. Babu farar hular gashin nan, babu guduma. A gefensa rajistara yana rubutu a wani ƙaton littafi. Na leƙa dama na leƙa hagu ina neman mutum goma sha biyu, ban ga ko ɗaya ba. Ƙararraki biyu aka yi kafin tamu, babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya zaga ɗaki da hannu a baya, babu wadda ta suma. Ni dai ina zaune ina ta tambayar kaina: to a nan ta ina gaskiya take ɓullowa? Na riƙa waiwayen ƙofa, ko da tsohuwa.

Aka kira mu. Malam Haruna, wani dogon dattijo mai sanyin murya, ya faɗi ƙararsa a taƙaice: ruwa ya share iyaka, yana ganin zirin nasa ne, yana so a raba su kafin shuka ta wuce. Alƙali ya juya ga Kawu.

“Malam Bukar, ka ji abin da ya ce. Me ka ce?”

Kawu ya waiwayo ya dube ni. Na lumshe ido na gyaɗa masa kai a hankali, irin yadda ake yi. Ya mayar da fuska gaba, ya datse leɓe.

Alƙali ya jira. Ya sake tambaya da ɗan ƙarfi. Ko uffan. Ya karkata wajen rajistara ya ce, “Ko ba ya ji sosai ne?” Wani mutumin ƙauyensu daga bencin baya ya kasa daurewa, ya ce, “Wa? Bukar? Allah ya gafarta Malam, wannan ai in ya fara magana a gona har tsallaken kogi ana amsa masa.” Aka ɗan yi dariya. Ni kuwa ina ta jinjina wa kaina, na ce dabara tana aiki, sun rikice.

Alƙali ya cire tabarau ya ajiye. “Malam Bukar, nan ba wurin wasa ba ne. Girmanka nake dubawa.”

Na ga gumi yana bin wuyan Kawu, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Mutumin da bai taɓa haɗiye magana ba a rayuwarsa yau ga shi yana haɗiye ta ɗanya saboda ni. Na ce lokaci ya yi. Na miƙe. Na ɓalla maɓallin kwat (wannan ma na lura suna yi kafin su yi magana). Na yi taku uku zuwa tsakiyar ɗaki, na ɗaga yatsa, na buɗe murya irin wadda nake tara yara da ita a filin makaranta:

“Ban yarda ba, ya mai girma mai shari'a! Wanda nake karewa yana da 'yancin yin shiru!”

A fim, nan ne ake sakin kiɗa, jama'a su hau ƙus-ƙus, lauyan ɗaya ɓangaren ya share gumi. A nan babu abin da ya motsa sai fanka. Yatsana yana sama, na rasa yadda ake sauke shi.

Alƙali ya mayar da tabarau ya ƙare min kallo daga kwat har takalmi. “Kai kuma wane ne?”

“Ɗan yayarsa ne.”

“Lauya ne kai?”

“A'a... malamin makaranta.”

“Wace makaranta?”

“Firamare.” Muryar tawa ta riga ta koma ta ɗan aji ɗaya.

“To Malam, a ina ka karanta wannan dokar?”

Ina cikin laluben ƙaryar da za ta fi sauƙin ɗauka, sai Kawu ya ga ɗansa ya shiga matsi. Mutumin da ya yi mako uku yana riƙe da bakinsa, wanda alƙali ya tambaya har sau biyu bai tanka ba, a nan ya ga ya dace ya buɗe shi. Ya ɗago kai cike da alfahari ya ce:

“A waya yake gani, Allah ya gafarta Malam. Kullum yana kallo. Babu shari'ar Indiya da yaron nan bai sani ba.”

Ɗakin ya fashe. Rajistara ya kifa kai a kan littafinsa, kafaɗunsa suna rawa. Masinjan kotu da ya kamata ya tsawatar ya juya ya fuskanci bango. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige da ni da jakar. Shi kuwa Kawu sai dube-dube yake, bai gane abin dariya ba, shi a ganinsa ya wanke ni.

Alƙali bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya nuna min bencin gaba ya ce in zauna, sannan ya yi min bayani a hankali, daidai yadda nake yi wa yaron da ya kasa haɗa biyu da biyu.

“Haƙƙin da kake faɗa gaskiya ne, yana nan. Amma na wanda hukuma ta kama ne tana tuhumarsa da laifi, don kada a matsa masa ya ɗora wa kansa abin da bai aikata ba. To wa ya kama kawunka? Maƙwabcinsa ne ya ce ƙasa tasa ce. A nan mai ƙara shi zai kawo shaidu. In ba shi da su, wanda ya musa ya rantse. Amma ai sai ya musa tukuna. Wanda ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a, ya kafe a kan haka, me kake so in rubuta? Sai in ɗauka ba shi da ja, in ba mai ƙara abin da ya nema. Saura tambaya ɗaya fa ka raba kawunka da gonarsa.”

Dariyar mutane ma na daina jin ta. Gonar da aka ciyar da ni da ita, ita na zo in bayar kyauta, sanye da kwat.

Alƙali ya juya. “To Malam Bukar, lauyanka ya ba ka izini?”

Wallahi sai da Kawu ya waiwayo ya dube ni. Na gyaɗa kai, wannan karon ba irin na fim ba.

Sai madatsa ta ɓalle. Maganar mako uku ta taho gaba ɗaya. Ya faro daga kakansa da ya taso daga bakin tafkin Chadi, ya biyo ta shekarar da aka sare gorubar, da gatarin da aka sare ta da shi, da wanda aka aro gatarin a wurinsa. Sau uku alƙali yana dawo da shi kan hanya. Abin da aka tace a ƙarshe shi ne: kututturen a gonarsa yake, tsohuwar iyakar kuma taku biyu take gaba da shi.

Aka tambayi Malam Haruna shaidu. Ya ce waɗanda suka san iyakar duk sun riga mu gidan gaskiya. Alƙali ya ce to saura rantsuwa, Kawu ya je ya yi alwala. Sai Malam Haruna ya ɗaga hannu.

“Allah ya gafarta Malam, kada a ba shi Alƙur'ani. Tunda ya ce tasa ce, tasa ce. Shekara arba'in muna sahu ɗaya da Bukar, bai taɓa yi min ƙarya ba. Lokacin da aka yi iyakar nan ba na gari, shi ya gani. Tambayarsa na je yi. Sau uku ina zuwa gidansa. In yi sallama ya amsa, ya shimfiɗa min tabarma, ya kawo min ruwa. Da na ce gona, sai ya zuba min ido kamar bai taɓa ganina ba. Na koma gida na ce me na yi wa Bukar? Na roƙi Bulama, mai garinmu, ya je, shi ma haka ya yi masa. Na ce to tunda raini ya kai nan, bari in kai shi inda dole ya yi min magana.”

Babu wanda ya yi dariya. Ɗaya bayan ɗaya kawuna suka juyo inda nake. Kunyar farko ta wanda ya yi wauta ce a bainar jama'a, ana warkewa daga ita. Wannan ta biyun daban ce. Ashe babu wata shari'a tun farko. Dattijo ne ya je tambayar abokinsa, ni na mayar da ita ƙara.

Alƙali ya sa aka rubuta sulhu, ya ce su je su tayar da iyakarsu tare a gaban Bulama. Ni kuma ya ce min duk ranar da nake sha'awar kallo in zo, benci kyauta ne, sai dai a nan masu kallo ba sa shiga cikin fim. (Duk da halin da nake ciki, sai da na tsaya a ƙofa na tambayi rajistara a hankali ko suna da guduma a ajiye. Ya ce ba su taɓa jin buƙatarta ba sai yau.)

Kawu da Malam Haruna adaidaita ɗaya suka shiga zuwa tasha. Ina biye da su a babur, ina hango hannun Kawu yana ta tashi yana sauka, yana biyan Malam Haruna labaran da ya tara masa. An shuka alkamar a makare, kuma ba ta yi kyau kamar yadda ta saba ba, a gonakin biyu duka. Wannan asarar tawa ce, ko da yake har yau babu wanda ya faɗa min haka a cikinsu. Da sun zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Ranar tayar da iyakar na je, ba kwat, na karɓi kwando ina jidar ƙasa. Da muka zauna hutawa a kan kututturen gorubar, Kawu ya matso kusa da ni. Na ɗauka faɗan da nake jira ne ya zo. Ashe shi ma tambaya ce take cinsa.

“Malam, mutanen nan na cikin wayarka, in an gama shari'ar, ina suke zuwa?”

Na ce, “Ai fim ɗin ƙarewa yake, Kawu.”

“Ba a nuna su washegari? A masallaci, ko a kasuwa?”

“Ba a nunawa.”

Ya yi shiru na ɗan lokaci, wannan karon don kansa. Sannan ya ce, “Ikon Allah. Su ba su da maƙwabta ne?”

Na yi ta lissafa finafinan da na kalla, ɗaruruwa, ban tuna ko ɗaya da aka nuna mai ƙara da wanda aka kai ƙara sun wayi gari ruwa ɗaya yana bi ta gonakinsu ba.

Har yanzu ina kallo, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma har yanzu wurin ankwar nan yana taɓa ni. 'Yancin yin shiru gaskiya ne, alƙali da bakinsa ya tabbatar min. Kuskurena ɗaya ne kawai: a zauren nan, ranar Asabar ɗin nan, mu biyu ne a zaune, kuma ba Kawu ne ya kamata ya yi amfani da shi ba.